Tallafin yaƙi da talauci ga manoman tsaunuka: yana ƙara musu ƙarfin tsayuwa, ko kuɗin kashewa kawai?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan kowane rahoto na shirin yaƙi da talauci zai gaya maka cewa kuɗin shigar gida ya ƙaru bayan an ba da tallafi. Ga manomin da gonarsa ke gangaren tsauni, ba nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne ranar da ƙanƙara ta kwantar da alkama, ko ƙasa ta zaftare ta toshe hanya wata biyu, ko mai gida ya kwanta ciwo ana tsakiyar shuka: me gidan zai sayar? In kaji ne da ɗan taure, gidan yana nan a tsaye. In kuwa san noma ne ya tafi kasuwa, ko aka cinye iri, ko aka cire yara daga makaranta, to baɗi ma an riga an yi asararta. Ina so mu duba wane irin tallafi ne ke hana wannan, wane ne kuma ke ƙara jefa gida cikin haɗari ko da kuɗin hannunsa ya ƙaru.

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Misalin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na Habasha, domin yawancin masu cin gajiyarsa manoman tuddai ne a Tigray da Amhara da Oromiya da kudancin ƙasar. Kafin 2005 sai yunwa ta faɗo ake roƙon agaji, abincin kuma yakan iso bayan mutane sun gama sayar da dabbobinsu. A 2005 aka kafa shirin PSNP, wanda gwamnati ke biyan gidajen matalauta hatsi ko kuɗi a kan aikin raya ƙauye. Tsarinsa na farko: ana biyan gida na wata shida a shekara, galibi daga Janairu zuwa Yuni lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Kowane mutum ɗaya a gida ana lissafa masa aikin kwana biyar a wata, ladan kwana ɗaya kilo 3 na hatsi ko kuɗinsa, wato kilo 15 a wata. Gidan da babu mai ƙarfin aiki, kamar tsofaffi da naƙasassu, ana ba shi ba tare da aiki ba.

Binciken farko da masanan IFPRI, cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, suka yi ya nuna tasirin bai taka kara ya karya ba, kuma dalilin a fili yake: gidaje da yawa ba su karɓi cikakken abin da aka tsara ba, biyan kuma yana makara. Da aka sake dubawa daga baya, gidajen da suka yi shekara biyar suna karɓa sun rage watannin yunwarsu da fiye da wata guda idan aka gwada su da masu shekara ɗaya, dabbobinsu ma sun ƙaru. Saboda haka ni a ganina abu na farko shi ne tabbas. Manomin da ya san ranar da kuɗi za su zo zai iya riƙe tunkiyarsa sati uku, mai shago ma zai ba shi bashi. Wanda bai sani ba dole ya sayar, kuma a lokacin da kowa ke sayarwa, farashi ya faɗi.

Usman:
Dakta, kenan kuɗi a hannu ya fi raba hatsi? Na ga yanzu ko'ina an koma biyan kuɗi ta waya.

Dakta Rabi:
A ƙasa mai shimfiɗe, mai kasuwa kusa, sau da yawa haka ne. A tsauni sai an yi hattara. Da aka fara shirin Habasha ladan kwana ɗaya bir 6 ne na kuɗin ƙasar, an lissafa zai sayi kilo 3. Da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a 2008, aka ƙara zuwa bir 8, amma hatsi ya riga ya tsere wa kuɗin, masu karɓar hatsi suka fi masu karɓar kuɗi kwanciyar hankali. A ƙauyen da ke ƙarshen hanya abin ya fi muni, domin da damina mota ba ta hawa, 'yan kasuwa ƙalilan ne, kuma in aka zuba kuɗi rana ɗaya a hannun gida ɗari uku farashi zai tashi a ranar. Abin da ya kamata: a riƙa sabunta ladan bisa farashin kasuwar yankin kowace shekara, kuma inda hanya ke yankewa a kai hatsin rumbun ajiya na kusa tun kafin ruwa ya sauka. Biya ta waya kuwa ba ya aiki in wakilin da zai ba da tsabar kuɗi yana tafiyar yini guda a ƙasa.

Injiniya Nuhu:
Ni ina ganin kun fara daga tsakiya. Jarin manomin tsauni ƙasarsa ce, kuma ruwa yana kwashe ta kowace damina. Kuɗin wata shida ba zai dawo da ƙasar da ta gangara kwari ba. Abin da ya ba shirin Habasha daraja a wurina shi ne aikin da ake yi don samun ladan: jera duwatsu a kan layin da ya daidaita, haƙa ramukan tare ruwa, toshe kwazazzabai, da killace gangaren da ya mutu a hana kiwo har ciyawa da itatuwa su dawo. Inda aka yi shi da kyau a Tigray, maɓuɓɓugan ƙasan tsauni sun daɗe suna ba da ruwa, rijiyoyi marasa zurfi sun samu, har ana noman rani.

Sai dai aikin yana da lissafi, kuma a nan ake yawan kuskure. Ka ɗauka ana son tazarar tsawo ta mita 1 tsakanin shingen duwatsu ɗaya da na gaba. A gangaren da ke sauka mita 10 a kowace mita 100, shingayen za su kasance mita 10 tsakaninsu. A gangaren da ke sauka mita 25, tazarar ta koma mita 4. In gindin kowane shinge ya ci mita 1, na farko ya rasa kashi 10 cikin 100 na gonarsa, na biyu ya rasa kashi 25. Mai rabin hekta ba zai yarda da haka ba sai in shingen kansa yana ba shi wani abu, shi ya sa ake dasa ciyawar dabbobi ko ƙananan itatuwan harawa a kansa. In ba a yi ba, da an daina biya zai rushe shi.

Sauran abubuwan da ke lalata aiki:
Ana farawa daga ƙasa saboda ya fi kusa da hanya, alhali daga sama ake farawa, a haƙa magudanar da za ta kare ruwan da ke gangarowa. In ba haka ba ruwan farko zai fasa shingen ƙasa, ya taru wuri ɗaya ya haƙa kwazazzabon da da can babu shi.
Ana auna layi da ido. Katako uku da aka haɗa kamar harafin A da igiya da ɗan dutse ya isa, amma dole a yi amfani da shi.
A ƙasa mai laka inda ruwa ke da yawa, shinge mai daidaito yana tare ruwa ya ruɓar da saiwa. Can sai a ɗan karkata shi, kamar mita 1 a cikin 100 ko ƙasa da haka, zuwa magudanar da aka shimfiɗa wa duwatsu ko ciyawa.
In za a yanka gangare a yi dakali-dakali, a fara kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, a mayar bayan an gama. Wanda ya binne ta zai yi shekaru yana noma jar ƙasa maras taki.
Ɓeraye kuma suna samun gida a cikin jerin duwatsu. Manoma sun daɗe suna kukan wannan, kuma gaskiyarsu ce.

Hajiya Asabe:
Injiniya, ban ƙi maganarka ba, amma wa ke ɗaukar duwatsun? Gida mai mutum shida kwana talatin ne a wata, in masu ƙarfi biyu ne kowa kwana goma sha biyar. In mijin ya tafi ci-rani, matar ce da ɗebo ruwa da itace da raino a kanta. Kuma idan aikin ya shiga lokacin gyaran gona, an ba su hatsin wata ɗaya an hana su noman shekara. Dole a sa iyaka ga kwanakin da mutum ɗaya zai yi, a sauke wa mai ciki da mai shayarwa, a kuma tsayar da aikin cak kafin shuka.

Injiniya Nuhu:
Haka ne Hajiya. Zan ƙara da cewa a bar wani kaso na kwanakin a yi su a gonakin gidajen da ba su da hannu, domin gangare ɗaya ne. Gonar bazawara in ta fashe a sama, ta maƙwabcinta na ƙasa ce za ta sha yashi.

Malam Habibu:
To dabbobi fa? Shirye-shirye da yawa yanzu jari suke bayarwa, ba abinci ba.

Hajiya Asabe:
Wannan tsarin ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ce ta fara shi a 2002: a ba gida jari, a koya masa kula da shi, a ba shi ɗan abin ci na wasu watanni don kada ya cinye jarin, a buɗe masa ajiya, a riƙa ziyartarsa a kai a kai. An gwada shi a ƙasashe shida, Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, a kan gidaje fiye da 10,000, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2015. A biyar ribar ta fi abin da aka kashe, kuma shekara guda bayan an janye hannu gidajen suna nan da ƙarin kadara da abinci. A Honduras ne aka samu akasi: yawancin gidaje kaji suka karɓa, cuta ta shiga ta kashe da yawa. Darasin a bayyane yake. In ka ba ƙauye guda dabba iri ɗaya, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, cuta ɗaya ta isa ta share aikin.

Abin da ya kamata kafin a sauke ko akuya ɗaya: a yi rigakafi tun a wurin saye, a ware sababbi sati biyu zuwa uku kafin su haɗu da na gari, a ba su maganin tsutsar ciki, kuma a sayo daga wuri mai tsawo da sanyi irin na ƙauyen. Dabbar da ta saba da zafin kwari tana wahala in an hau da ita sama, ta sama ma in an sauko da ita cututtukan kaska sukan kayar da ita.

Sannan a yi lissafin ciyawa. Shirin Girinka na Ruwanda, wanda aka fara a 2006, yana ba gida saniya, in ta haifi 'yar maraƙa ta farko a miƙa wa maƙwabci. Ya kawo madara da taki ga gonakin gangare. Amma saniyar madara mai kilo 400 tana cin ɗanyar ciyawa wajen kilo 50 ko fiye a rana, ga ruwa bokiti-bokiti, kuma a turke take, komai kawo mata ake. Gidan da ya fi kowa talauci shi ne marar filin shuka ciyawar. A irin wannan gida tumaki ko awaki uku zuwa huɗu sun fi amfani: cikinsu wata biyar ne, kuma in buƙata ta taso ka sayar da ɗaya sauran na nan. Saniya ɗaya in ta tafi, ta tafi duka.

Usman:
Amma Hajiya, ba a arziki da akuya huɗu. Ai gara a sa su noman abin sayarwa mai tsada, kamar tuffa ko kofi ko dankalin turawa, a yi musu hanya.

Dakta Rabi:
Ƙanena, a nan ne kuɗin shiga da ƙarfin tsayuwa suke rabuwa. Manomin tsauni yakan warwatsa gonakinsa da gangan, ɗaya a kwari, ɗaya a tsakiya, ɗaya can sama. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da ka hau, kuma ɓangaren da ke fuskantar rana daban yake da na inuwa. Don haka sanyin da ya ƙone gonar sama ba ya taɓa ta ƙasa, ambaliyar ƙasa ba ta kai sama. Jami'in da ya zo daga birni yana ganin wannan ɓata lokaci ne, sai ya ce a haɗe a shuka abu ɗaya.

Dubi Hunza ta sama a arewacin Pakistan. Babbar hanyar Karakoram da ayyukan raya karkara na gidauniyar Aga Khan, waɗanda suka fara a yankin a 1982, sun ɗaga rayuwar mutane ƙwarai, dankalin turawa ya zama babban abin sayarwa. A Janairun 2010 tsauni ya zaftare a Attabad, ya toshe kogi, tafki ya taru ya haɗiye kilomitoci na hanyar. Sai da kwale-kwale ake haye wa har 2015 da aka buɗe hanyar da aka fasa ta cikin dutse. Dankali kaya ne mai nauyi, kuɗin dako ya cinye ribarsa, ga shi an rage noman hatsin ci. Ba cewa nake kada a yi hanya ko noman sayarwa ba, hanyar ce ta kai 'ya'yansu makaranta da asibiti. Cewa nake kada shiri ya sa gida ya bar gonar abincinsa gaba ɗaya. Ga kuma jira: tuffa takan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ta ba da abin kirki. Shirin shekara uku da ya raba dashe ya tafi ya bar gida a daidai lokacin da ba hatsi ba 'ya'yan itace. Sannan in gundumomi goma suka dasa abu ɗaya a shekara ɗaya, a shekara ɗaya za su kai kasuwa.

Injiniya Nuhu:
Ƙasar Sin ta yi la'akari da wannan jiran. Bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, a 1999 ta fara biyan manoma su daina noma gangaren da ya wuce digiri 25 su dasa itatuwa ko ciyawa, aka fara da Sichuan da Shaanxi da Gansu. A farkon shirin, a yankin Yangtze an riƙa ba da kilo 2,250 na hatsi a kowace hekta a shekara, a yankin Rawayen Kogi kilo 1,500, da yuwan 300 a kai. Tsawon biyan ya danganta da abin da ka dasa: shekara 8 ga itatuwan kare ƙasa, 5 ga na 'ya'ya, 2 ga ciyawa. A gangare da yawa hatsin da ake bayarwa ya fi abin da gonar ke fitarwa. Babban tasirinsa ga gida shi ne ya saki hannun ma'aikaci ɗaya ya tafi aikin albashi. A 2007 sai da aka tsawaita biyan, domin an ga in aka tsaya wasu za su sare su koma noma.

Malam Habibu:
Tunda an zo Sin, sai mu taɓo sauya matsuguni. Tsakanin 2016 da 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan 9.6 daga wuraren da aka ce ƙasar ba za ta iya ciyar da su ba, yawanci tsaunuka. An san labarin ƙauyen Atulie'er na Liangshan, inda yara ke hawa tsani a jikin dutse mai tsawon mita 800, aka sauko da gidaje 84 a 2020. Ni dai ina ganin akwai wurin da ba dabarar noma da za ta yi magani.

Dakta Rabi:
Akwai, Allah ya gafarta Malam, kuma ba wanda zai so ɗansa ya hau wannan tsani. Haɗarin zaftarewa ya kau, asibiti da makaranta sun matso. Amma haɗarin ya sauya kama ne. A sama gida yana da hanyoyi biyar ko shida ƙanana: hatsi, dabba, itacen girki, ganyen daji, lambu, taimakon dangi. A gidan bene komai saye ne, har ruwa da wuta, hanyar samu kuma ɗaya ce, albashi. In masana'anta ta rufe, babu rumbu. Masu shekara hamsin zuwa sama, da waɗanda ba su jin yaren birni sosai, su ne suka fi shan wuya. Abubuwan da suka rage wannan: barin haƙƙin gona da daji na tsohon ƙauye a hannun gidan, saukar da dangi wuri ɗaya maimakon a warwatsa su, da ayyuka kamar gadin daji, wanda aka ɗauki matalauta fiye da miliyan guda. Gwamnatin da kanta, bayan ta sanar a Fabrairun 2021 cewa an fitar da mutum miliyan 98.99 daga talauci, ta ware shekara biyar na sa ido don kada a koma, wanda ke nuna ta san haye layin talauci daban, zama a can daban.

Usman:
Inshorar amfanin gona ba za ta rufe wannan giɓin ba?

Dakta Rabi:
Tana taimakawa. A 2009 a ƙauyen Adi Ha na Tigray aka fara tsarin da manomi ke biyan kuɗin inshora da aikin kare ƙasa maimakon tsaba, daga baya Hukumar Abinci ta Duniya ta shiga aka faɗaɗa shi. Matsalarsa a tsauni ita ce ba gonarka ake dubawa ba, ma'aunin ruwa ko tauraron ɗan'adam ake dubawa, shi kuma yana ɗaukar fili mai faɗin kilomitoci a matsayin wuri ɗaya. Gefen tsauni ɗaya ya sha ruwa, ɗayan ya bushe, sai lissafi ya ce lafiya lau. Ƙanƙara da sanyi da zaftarewa kuwa ma'aunin ruwa bai san da su ba. Manomi ya yi asara sau ɗaya ba a biya shi ba, ba zai sake saye ba. Gyaran shi ne a raba yankunan inshora bisa tsawo, a kuma ware asusun da kwamitin ƙauye zai biya da shi in an je an ga asara da ido.

Hajiya Asabe:
Ni abin da ya fi damuna shi ne yaye. Ana ba jami'i adadin gidajen da zai cire daga shiri a shekara, sai ya ƙirga dabbobi bayan girbi mai kyau ya ce wannan gida ya tsaya da ƙafarsa. A fari na 2015 zuwa 2016 a Habasha, mutum miliyan 10.2 sun buƙaci agajin gaggawa, ban da kusan miliyan 8 da ke cikin shirin. Wanda aka yaye bara yana iya kasancewa cikinsu, kuma ƙofar komawa a rufe. Kada a yaye gida sai ya wuce mummunar shekara ɗaya bai taɓa shanun nomansa da irinsa ba, kuma sunansa ya zauna a rajista don a mayar da shi cikin wata guda in abu ya faru.

Nepal ma ta nuna illar jinkiri. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015 ta zo gab da damina, iri da hatsi suka binne a cikin gidaje. Tallafin gina gida ya kai rupi 300,000 a kashi uku, kashi na biyu da na uku sai injiniya ya duba gini, amma hukumar sake ginin sai a Disamba aka kafa ta. A ƙauyukan da ake ɗaukar siminti da rodi a ka, kuɗin bai isa ba, mutane suka ci bashi mai ruwa mai yawa. Gidajen da ke da ɗa a ƙasar waje yana aiko kuɗi sun fi saurin tashi.

Malam Habibu:
Hajiya, in an bi naki ba za a taɓa yaye kowa ba, kasafi kuma yana da iyaka. Akwai wasu a layi da ba su taɓa karɓa ba.

Hajiya Asabe:
A yaye, Malam, amma a hankali. A rage watannin biya daga shida zuwa uku na shekara guda a gani, a bar gidan cikin ƙungiyar ajiya da rigakafin dabbobi, waɗannan ba su da tsada. Peru tana da abin koyi a shirin Haku Wiñay da aka fara a 2012 a tsaunukan Andes: shekara uku ne, kuma masu koyarwa manoma ne 'yan yankin, masu jin yaren mutane, suna bi gida-gida suna nuna ban-ruwa na feshi da ke aiki da gangarowar ruwa ba tare da inji ba, da lambu, da kiwon ƙananan dabbobi, da murhu mai rage hayaƙi. In shirin ya ƙare mai koyarwar yana nan cikin gari, bututu ya toshe an san ƙofar da za a buga. Game da kasafi kuwa, sake saya wa gida san noma bayan ya sayar da nasa a farashin yunwa ya fi tsada a kan biyansa wata uku da zai hana shi sayarwa, kuma kafin a sayo masa wani ya riga ya rasa huɗar damina guda.